Kanwa a naman miyar taushe: dabara ce ko ɓarna?

Amarya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya na yi miyar taushe da naman sa. Kabewa ta narke, ganye ya nuna, amma naman nan kamar roba. Maƙwabciyata ta ce naman sa ba ya laushi a miya sai an jefa masa kanwa tun wurin tafasa. Haka ne?

Hajiya mai waina: Wa alaikumus salam, 'yata. Gaskiya ta faɗa miki. Mu da muke fitar da waina da miya tun sanyin safiya ba mu da lokacin zaman jiran nama. Ki samu ungurnu girman ƙwayar gyaɗa, ki jiƙa, ki tace ruwan ki zuba. Haka muka tarar iyayenmu na yi.

Maman 'yan biyu: Hajiya, a yi mini afuwa, nan kam ban yarda ba. A wake, a kuka, a kuɓewa, kanwa na da gurbinta. Amma a nama sai bayansa ya yi santsi, romon ya yi duhu, ga wani ɗanɗano da ke danne ƙamshin daddawa. Miyar taushe kuwa romo ne ginshiƙinta.

Ɗan mahauci: Amarya, wane yanki aka yanko miki, kuma minti nawa ya yi a wuta?

Amarya: Yaya, tsoka zalla na ce a kawo, ta cinya. Na buɗe gas sosai, ya yi wajen minti 30.

Ɗan mahauci: To, ga inda matsalar take. Yawancin shanun da muke yankawa manya ne, sun sha kiwo sun sha tafiya, namansu ba na gaggawa ba ne. Tsokar cinya ba kitse ba jijiya, in wuta ta yi mata yawa ƙanƙancewa take ta matse ruwanta waje. Naman miya shi ne ƙauri, wuya, ƙirji ko jela, a haɗa da ƙashi mai ɓargo. Jijiyar da mutane ke gudu ita ce ke narkewa ta ba romo kauri, amma sai da ƙaramar wuta, tukunya a rufe, awa 2 zuwa 3. Ki sa albasa, citta, tafarnuwa da daddawa, ruwa iya rufe naman. Ina takaicin ganin an bar ƙauri a kan tebur ana rububin tsoka, alhali miya za a yi.

Hajiya mai waina: Yaro, awa 3 da kuɗin gas ɗin wa? Kai yanka ka sani, mu ke gaban murhu.

Maman 'yan biyu: Hajiya, ai gawayi ya fi dacewa da wannan aikin. Ki ɗora da daddare, ki bar shi a kan rushi. Mai tukunyar furesha kuma minti 45 sun ishe ta.

Anti nas: Bari in sa baki. Kanwa gishirin sodiyam ne a cikinta. A miya guda ga gishiri, ga dunƙulen magi, ga kanwa, mai hawan jini a gidan ne zai biya. Sannan tana lalata bitamin C da B1. Koren da alayyafo ke yi shar idan an sa ta ba shaidar amfaninsa na nan ba ne.

Hajiya mai waina: Na ji, Anti. To yakuwa fa? Duk wadda ta taɓa cika hannu da yakuwa ta san abin da ke kashe tsamin nan.

Maman 'yan biyu: Ni tafasa ta nake daban, in zubar da ruwan.

Anti nas: Wannan ma asara ce, ƙanwata, bitamin C na bin ruwan da kika zubar. Gara ki rage yakuwar, alayyafo ya fi yawa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta tare sauran tsamin. Ai ɗan tsamin nan shi ke raba taushe da miyar alayyafo.

Amarya: To yaushe zan zuba ganyen? Jiya tare da kabewa na sa.

Hajiya mai waina: A'a 'yata, nan kuwa babu gardama. Sai nama ya kusa nuna ki zuba jajjagen tattasai da attaruhu da kika soya, sannan kabewa. In ta yi laushi ki farfasa ta da ludayi, ki dama gyaɗa ki zuba, ki riƙa juyawa don tana kama gindin tukunya. Yakuwa ta biyo baya. Alayyafo da lawashi su ne na ƙarshe, minti 5 ki sauke. Batun nama na bar wa ɗan mahauci, ki nemi ƙauri ki ba shi lokacinsa tunda ke ba ciniki ke jiranki ba. Amma ranar da yakuwa ta yi mini yawa a tukunyar sana'a, Anti, ruwan kanwa zan ɗiga.

Anti nas: In kin ɗiga, Hajiya, don Allah ki rage magi.