Kuɗin mota ya fi ƙarfinmu, ga Baba ana masa wankin ƙoda

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifinmu ana masa wankin ƙoda a Kano sau biyu a mako, mu kuma a Bichi muke. Kuɗin wankin yayyena ke haɗawa, amma na mota ne ya sha mana kai. Bayan an gama masa jiri yake yi, ba ya iya zama a motar haya a matse, dole sai shata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin shata kullum gaba yake yi. Har yayana ya fara cewa ko a mayar da wankin sau ɗaya a mako. Ya za mu yi?

Abu Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku rage wankin ba da izinin likita ba. Ruwa ne zai taru masa, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ƙarshe a kwantar da shi, kuɗin ya ninka na motar.

Hajiya Ladi: 'Yata, ki bi layin masu jiran wanki ki tambaya. Da wuya a rasa wani daga Bichi, Tsanyawa ko Dawakin Tofa, tun da duk hanya ɗaya ce. In kun samu iyali biyu ko uku, sai ku roƙi nas mai tsara ranaku ta haɗa ku rana ɗaya, lokaci ɗaya. Sannan ku je tasha wurin shugabannin ƙungiyar direbobi, ba ɗan kamasho ba, ku yi ciniki na wata da direba guda. Wankin yana ɗaukar kamar awa huɗu, to kada ya zauna jiranku, kuɗin jiran ne ke sa shata tsada. Ya sauke ku ya yi lodinsa, ya dawo. A zaunar da Baba a gaba, kada a danne hannun da ake sa masa allurar.

Malam Sabo: Ni kuma tambaya, ba ku da dangi a cikin gari? In Litinin da Alhamis ake yi, ya kwana uku a can, tafiya ta ragu da rabi. Na san tsofaffinmu da ƙin kwana a gidan suruki, amma lalura ce.

Ummu Sudais: Ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, su rubuta muku takarda, ku kai Hukumar Zakka da Hubusi. Ba lallai a dace ba, masu nema suna da yawa, amma takardar tana amfani ko a masallacin unguwa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Hajiya, akwai wata mata 'yar Tsanyawa da muke gaisawa a layi, ranar Alhamis zan yi mata maganar.