Hawa tsaunin Mambila da keke daga Serti zuwa Gembu, akwai wanda ya taɓa yi?

Mai_Feda_Kano:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema amma dan Allah banda dariya, don a gida an riga an gama min ita. So nake in hau Mambila da keke a hutun Disamba, in sa keken a mota har Serti ta hanyar Jalingo da Bali, daga nan in fara tuƙawa har Gembu. Kusan shekara biyu kenan duk Asabar ina fita, wani lokacin in kai Wudil in dawo ban ji komai ba, to amma kun san Kano shimfiɗe take kamar faifai, hawan da na sani bai wuce gadar sama ba. Keken nawa ɗan gwanjo ne, giya uku a gaba bakwai a baya, birkin roba. Zai iya? Kwana nawa zan ware, kuma me zan ɗauka? Ni dai abin da ke ja na shi ne hanyar da ba tirela ba adaidaita sahu, in ji ƙarar sarƙata kawai.

Kawu_Direba:
Wa alaikumus salam. Yaro me ya yi zafi? Hanyar da mota ke hawa tana kuka da giya ɗaya, radiyeto na tafasa, ita za ka hau da ƙafarka? Na yi shekaru ina jigila a hanyar nan, kuma ka cire wa ranka cewa ba mota, akwai su, ba su da yawa ne kawai, kuma wanda ke gangarowa da lodin dankali ko shanu ba ya tsammanin zai ci karo da mai keke a bayan kwana. In dai ka dage to ka riƙe gefenka, kar ka sa abin jin waƙa a kunne, kuma kar magariba ta same ka a hanya ko da wasa. Ka tambayi direbobi a tashar Serti yadda hanya take a ranar, maganar tsaro ba a jinta daga nesa.

Tsohon_Sirdi:
Kawu ka yi haƙuri, ana yi, ni na yi, kuma ban fi shi ƙarfi ba. Amma ƙanina bari in gaya maka gaskiya tun da wuri, Wudil ba ta shirya ka ba. Daga Serti zuwa Mayo Selbe hanya ce ta hawa da sauka kaɗan kaɗan, za ka ma fara raina abin. A Mayo Selbe ne dutsen zai tsaya a gabanka, daga nan sai kwana bayan kwana, ka ce wannan ce ta ƙarshe ka juya ka tarar da wata a samanta. Saman Mambila tsayinsa wajen mita 1,600 ne daga teku, kai kuma daga can ƙasa ka taso, wato sama da mita 1,000 za ka ɗaga kanka da keke da kaya duk a cinyarka. Akwai hawan da ake kira Biyu da Sisi, ana cewa kuɗin da ake biyan 'yan dako kenan a da su haura da kaya, sule biyu da sisi. Ranar da na isa wurin na ce wallahi an cuci bayin Allahn nan.

Kuskurena na farko kaya. Na ɗaure wa kariya jaka har da risho da tukunya da takalmi na biyu, kamar mai ƙaura. Da hawa ya yi hawa sai gaban keken ya fara ɗagawa, kan yana rawa a hannuna, dole na sauka na tura. Kuma turawa ba abin kunya ba ne, na tura ya fi sau goma, wata tsohuwa da itace a ka ta wuce ni tana min sannu, ban sake ganinta ba sai ƙeyarta. Na biyu ruwa, na shanye gora biyu kafin rabin hawa saboda ƙasan akwai zafi sosai, ka fita da asuba ka ci hawan kafin rana ta take. Ka riƙa jefa wani abu a baki duk bayan ɗan lokaci, dabino, ƙuli, ayaba, kar ka jira yunwa, in ta zo ƙafa ce ke fara mutuwa ba ciki ba.

Amma abin da nake so ka ji da kyau, ba hawan ne ya kusa kashe ni ba, saukowar ce. Hawa wahala ce kawai, in ka gaji ka zauna a gefen hanya. A dawowa na danne birki tun daga sama ban saki ba don tsoro, ashe robar tana goga ƙarfen taya tana ɗaukar zafi, da na tsaya na taɓa shi sai da na yarfe hannu, ga warin roba, yatsuna sun sage ba na iya matsewa. Ban yi nisa ba tayar baya ta yi fam, tub ya fashe, Allah Ya taimake ni a miƙaƙƙen wuri ne ba a kwana ba, gefe ɗaya rami ne da ba ka ganin ƙasansa. Na zauna a kan dutse kusan rabin awa gwiwata na kaɗawa kafin in iya ɗauko faci.

Kwana kuwa ka ba shi uku a tafiya in kana son ka mori abin. Ɗaya zuwa gindin dutse, ɗaya na hawan kaɗai ka kwana Maisamari, sannan ka bi ta Nguroje ka shiga Gembu. Kuma kar ka ɗauka ka hau sama an gama, saman ma tudu ne da kwari ba iyaka, sai dai can ciyawa ce ko'ina da shanu da itatuwan turare, iska mai sanyi na dukan fuskarka, za ka yafe wa hanyar.

Injiniyan_Keke:
Abin da Tsohon_Sirdi ya faɗa kan birki haka yake. Ba a riƙewa gaba ɗaya, matsawa ake da ƙarfi kafin kwana a saki, gaba da baya tare, kuma ka riƙa tsayawa ƙarfen ya huce. Kar ka cika wa taya iska tam ranar saukowa. Ka sa sabuwar robar birki da sabuwar waya kafin ka tashi, ka riƙe wasu a aljihu, da tub biyu, faci da gam, famfo, sifana, da ɗan abin haɗa sarƙa. Giya kuma ka duba babban faranti na baya haƙora nawa ne, in 28 ne ka nemi mai 32 ko 34 a sa maka, ƙaramin gaba da babban baya shi ne abokinka a dutse. A duba sifok ɗin baya ma, kaya kan karya su. Masu gyara a ƙauye akwai, amma kayan keke mai giya ba lallai ka samu ba.

Yar_Nguroje:
Sannunku. Ni 'yar can ce, na ji daɗi da wani ke son zuwa ba don siyasa ba. Yayana Disamba lokaci ne mai kyau don ba ruwa, da damina daga wajen Afrilu har Oktoba hazo kan rufe hanya ga santsi, in ka sauka daga kwalta jan laka zai cika maka taya ta ƙi juyawa. Amma sanyi fa ba irin na Kano ba ne, ka zo da rigar sanyi mai kauri da safar hannu da hula, gumin da ka haɗa a hawa shi zai zame maka ƙanƙara da ka tsaya. In ka iso ka shiga Kakara ka ga gonar shayi, nan ake yin Highland Tea, akwai kuma dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa. Hausa za ta kai ka ko'ina amma Fulatanci ya fi yawo a hanya, ka koyi "jam na" da "useko", za ka sha kindirmo har ka gaji. In dare zai kama ka a ƙauye ka fara zuwa wurin mai gari ka gabatar da kanka. Kuma ka kula da shanu, in garke ya tare hanya ka tsaya kawai, kar ka kaɗa musu ƙararrawa.

Mai_Feda_Kano:
Kai, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kawu na ji, ba zan yi dare ba in sha Allah. Yanzu na fita da fitilar waya na ƙirga haƙoran, 28 ne cif, gobe sai kasuwa. Risho kuma na fasa. Yaya Tsohon_Sirdi, tunda saukowar ce matsala, ya kake gani in na hau da keke, a dawowa in ɗora shi a mota daga Gembu zuwa Serti? Ko za a ce na yi ha'inci?

Tsohon_Sirdi:
Wa zai ce? Ka ɗora abinka. Sai dai ka cire tayar gaba ka naɗe wajen giyar baya da tsumma, don a kan buhunan dankali za su ɗaure maka shi, nawa da na sa a mota daga Serti zuwa Jalingo sai da aka lanƙwasa min shi.

Kawu_Direba:
Yauwa, yanzu ka yi magana. Ka ce a ba ka gidan gaba.