Kare a ɗakin masu ciwon daji: sauƙi ne ko ƙarin haɗari?

Anti Nas: Salamu alaikum. A asibitin da nake aiki a Ingila, masu sa kai na ƙungiyar Pets As Therapy, wadda aka kafa a 1983, kan kawo horarrun karnuka su gaida marasa lafiya. Na ga dattijon da ya yi kwana uku bai ce wa kowa uffan ba, amma da kare ya ɗora kai a gwiwarsa sai ga shi yana ba mu labarin ƙuruciyarsa. Ni na yarda ziyarar nan tana rage wa mai ciwon daji ƙuncin zuciya.

Kawu: Wa alaikumus salam. 'Yata, ban ƙaryata idonki ba. Amma mutum yana fama da kimo, wato maganin dajin nan mai ƙarfi, ga amai, ga kasala, a kawo masa najasa bakin gado?

Malam: Kawu, a yi haƙuri. A mazhabar Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Wanke ƙwaryar da kare ya lasa sau bakwai bin umarni ne. Shafi'iyya ne suka tsananta. Ajiye shi a gida ba dalili kuwa zance ne daban.

Ɗalibin likita: Ni hujjar nake dubawa. A 2015 an buga wani bincike daga asibitin Beth Israel na New York kan mutum kusan 40, galibinsu masu dajin kai da wuya, ana yi musu gashin ƙona ƙwayoyin daji da kimo. Jikinsu ya ci gaba da jigata, amma natsuwarsu ta ƙaru. Sai dai babu rukunin da ba a kai wa kare ba, balle a gwada. Binciken ƙungiyar American Humane kan yara 106 a asibitoci biyar ya raba su gida biyu, kuma fargaba ta ragu a duka rukunonin. Iyayen yaran da ke ganin kare ne aka ga damuwarsu ta fi sauka. To, Anti, kare ne ya yi aikin ko mai riƙe da igiya da ya zauna hira?

Anti Nas: Ƙanena, mu ma muna zama hira. Dattijon nan bai amsa mana ba.

Yayar mai jinya: Ku bar ni in sa baki. Ƙanwata ta yi jinyar dajin mama a Amurka. Duk mai dubiya idonsa kan kanta yake fara sauka, inda gashi ya zube, sai "sannu, ya jiki" cikin murya mai rawa. Har ta fara rufe fuska in ta ji sallama, don ta gaji da lallashin masu zuwa lallashinta. Kare bai san ta rame ba. Minti goma sha biyar ɗin da ake kawo mata shi, in ji ta, su ne kaɗai ba ta jin kanta majinyaciya. Da a gida tsoron kare take yi.

Kawu: Allah ya ƙara mata lafiya. To a kawo kyanwa mana, ita muka saba da ita.

Ɗalibin likita: Kyanwar ce ma aka hana, Kawu. Ƙa'idar da masana yaɗuwar cuta a asibitocin Amurka suka fitar a 2015 karnuka kaɗai ta amince da su, saboda kyanwa ba ta horuwa yadda za a dogara da ita, ga yaƙushi da cizo. Karen ma ba a sake da shi ba: a 2018 masu bincike a Johns Hopkins sun ga yana iya ɗaukar ƙwayar MRSA, mai bijire wa magani, tsakanin yara. Wanka da goge gashinsa da maganin kashe ƙwayoyi ya rage hakan sosai.

Anti Nas: Shi ya sa wanda kimo ya karya wa garkuwar jiki ba ma kai masa. Ana wanke hannu kafin taɓawa da bayanta, kuma sai an tambayi majinyaci tukuna.

Kawu: In ni ne aka tambaya, a'a zan ce. A kawo min jikokina.

Yayar mai jinya: Ita ma a'a ta ce ranar farko, Kawu. A mako na uku ita ce ke tambayar nas ko yau ranar zuwansa ce.