Manhajar gyaran hoto: in shiga biyan wata-wata ko in saya sau ɗaya in huta?

Auta_Hoto:

Assalamu alaikum manyana. Dan Allah shawara nake nema, abin nan kwana uku kenan yana min yawo a kai. Shekara huɗu nayi a ƙarƙashin ogana a sutudiyo, watan jiya ya yaye ni ya sa min albarka, yanzu na fara karɓar aikin kaina, yawanci biki ne da suna sai ɗan hoton saukar karatu. Duk zaman da nayi a wajensa a kwamfutar shago nake editin da Lightroom da Photoshop, shi yake biya, ban taɓa sanin nawa ake cirewa ba sai yanzu da abin ya dawo kaina. Na haɗa ɗan abin da nake da shi na sayi laftop ta hannu mai RAM (ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita) 8GB, kamarata Canon 80D ce itama ta hannu.

Toh da na shiga shafin Adobe, kamfanin da yake yin su, sai naga babu maganar saye kwata-kwata, biya ne ba ƙarewa kuma da dala, ni kuma aikin nan kun san yadda yake, wani watan biki huɗu wani watan ko ɗaya babu, azumi in ya kama sai dai ka goge kamara ka mayar jaka har bayan sallah. Wani abokina yace in nemi wacce ake saya sau ɗaya ta zama tawa, wani kuma a kasuwar waya yace in kawo dubu biyu ya saka min kirak, wato ta sata da aka fasa, an wuce wajen. Wanda ya daɗe a harkar dan Allah ya faɗa min gaskiya, wanne ne zai fisshe ni?

Dattijon_Sutudiyo:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a sabon wuri. Na kirak ɗin nan dai cire shi daga lissafi tukuna, sai muyi maganar sauran biyun.

Mu da muka fara tun ana wanke fim mun ga zamanin saye. Photoshop CS6 da ya fito 2012 shine na ƙarshe da ake biya sau ɗaya, dala 699 yake a lokacin, kuɗin da yawancinmu bamu taɓa riƙewa a dunƙule ba. A 2013 Adobe suka mayar da shi na haya, Lightroom kuma suka bar shi har zuwa na 6 wanda ya fito 2015 a kan dala 149. Shi na saya kuma wallahi na ci kuɗina a ciki, shekaru nayi ina aiki da shi ban ƙara ko sisi ba.

Amma abin da abokinka bai gaya maka ba shine sayen manhaja ba kamar sayen fili bane da zaka binne bulo ka tafi ka dawo bayan shekara goma ka tarar da abinka ya ma ƙara daraja. Ita tsufa take yi. Lightroom 6 an daina sabunta shi a ƙarshen 2017, a 2018 kuma Canon suka fara fito da kamarori masu sabon nau'in RAW (ɗanyen fayil ɗin hoto kafin a gyara shi) da ake kira CR3, toh shi bai san wannan ba, baya buɗe shi. Sai dai ka bi ta manhajar DNG Converter, kyauta ce, ka juya hotunan tukuna sannan ka shigar, kaga an ƙara maka aiki a kan hoto dubu. 80D ɗinka CR2 take bayarwa, kusan kowace manhaja ta santa, amma ranar da Allah ya hore maka ka koma sabuwar kamara irin su Canon R6 maganar zata canza. Wanda ya saya sau ɗaya yakan sake biyan kuɗin sabuntawa bayan shekara biyu ko uku, bambancin kawai shine shi yake zaɓar ranar da zai biya, ba ranar ce take zaɓarsa ba. Wannan kuma ba ƙaramin abu bane ga mai sana'ar da kasuwarta take da lokaci.

Maman_Biyu:

Auta bari in baka labarin kirak tunda Baba ya taɓo shi ya wuce. Farkon fara aikina nima wani yaro ne ya saka min, wata bakwai ina murna na tsira da kuɗina. Ranar wata Lahadi na dawo daga wunin biki na juye katin kamara a kwamfuta, kamu da wuni da buɗar kai duk suna ciki, na goge katin saboda washegari ina da wani aikin. Da safe na kunna naga duk fayil ɗin sun canza suna, ba wanda yake buɗuwa, sai wata takarda da turanci wai in biya kafin a sake min su. Uwar amarya ta kira ni ya fi sau goma, ƙarshe da ƙafata naje gidan na durƙusa na faɗa mata gaskiya, na mayar da kuɗinsu, amma hoton amarya da kakarta tana sa mata lalle har yau babu shi kuma tsohuwar ta rasu bayan wata huɗu. Har yanzu in na tuna sai naji wani abu ya tsaya min a wuya. Kuma ko ba wannan ba haƙƙin wasu ne, da shi zaka ci abinci ka ciyar da iyali.

Ni yanzu biya nake, kuma ga yadda nake lissafin. Bana kallon shi a matsayin kuɗin wata, raba shi nake a kan bukukuwan shekara. In ka yi biki ashirin a shekara ka raba kuɗin gida ashirin, abin da ya fito ka ɗora a kan farashinka kamar yadda kake ɗora kuɗin mota da na albam, kwastoma ce ta biya ba kai ba. Kuma ina biyan na shekara gaba ɗaya a Disamba lokacin da aiki yake hannu, in azumi ya zo ba ruwana da wani cire kuɗi.

Dalilin da yasa na kasa barin Lightroom ba wai son sunan bane, yawan hoto ne. Biki ɗaya sai in dawo da hoto dubu da ɗari biyar. In na gyara guda ɗaya na cikin hol, na rage shuɗin fitilar nan da masu ado suke sakawa wanda yake mayar da fuskar amarya kamar toka, sai in kwafa gyaran a kan ɗari biyu da aka ɗauka a wajen lokaci guda. Yana iya ware fatar mutum daban da kayansa, in haska fuska ba tare da leshi ya canza kala ba, kasan mata akan kalar anko ba'a wasa, in ta sayi ruwan zuma taga ya fito ruwan goro sai ka sha magana. Ga Denoise da suka ƙara a 2023, hoton dina da aka ɗauka cikin duhu duk ya yi yashi-yashi yana wanke shi tas.

kwamfuta_zalla:

Anti Allah ya kiyaye gaba, labarin nan ya taɓa ni. Amma Denoise ɗin nan a laftop mai RAM 8 da ba katin girafik mai ƙarfi, hoto ɗaya zai iya cin mintuna, kar Auta ya biya saboda shi ya zo yana jiran abin da injinsa ba zai ja ba.

Sannan akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka danna komai. Tsarin masu hoto na Adobe ko an rubuta maka farashin wata, yarjejeniyar shekara ce ake karkasa maka. In ka fasa cikin kwana 14 na farko za'a mayar maka da kuɗinka, in ka wuce haka ka ce ka daina a tsakiya ana cajin rabin abin da ya rage na shekarar. Har hukumar FTC mai kare masu saye ta Amurka ta kai su kotu a watan Yunin 2024 akan cewa basa bayyana wannan sharaɗin yadda mutum zai gani. Don haka dabarar in biya watan da nake da aiki in tsaya a azumi bata aiki a nan. Shekaru da yawa tsarin yana dala 9.99 a wata, a farkon 2025 suka daina ba sabbin shiga wannan ƙaramin, mai Photoshop da Lightroom tare da ma'ajiyar 1TB shine dala 19.99. Ka tuna kuma farkon 2023 dala a banki wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500, wato ko basu ƙara ko sisi ba kai a nan kuɗinka ya ninka uku.

Abu biyu masu daɗi dai, in kana kan na shekara zaka iya aiki har kwana 99 ba intanet kafin ya nemi tantancewa, kuma ko ka daina biya Lightroom Classic baya cinye maka hotuna, zaka ga komai ka fitar da waɗanda ka gyara, ɓangaren Develop, inda ake gyaran hoto, ne yake rufewa.

Kuma tambayar taka ma akwai hanya ta uku. Manhajar Affinity da a da kowa yake ba da misali da ita a matsayin ta saye sau ɗaya, kamfanin Canva sun sayi masu yin ta a 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 suka mayar da ita kyauta, asusun Canva kawai zaka buɗe, kayan AI ɗin ne sai mai biya. Tana yin mafi yawan abin da kake yi a Photoshop, gyaran fata, cire mutum a bayan ango, haɗa shafin albam, har PSD, wato fayil ɗin Photoshop, tana buɗewa. Inda ta gaza shine bata da wajen tara hotuna da tace su kamar Lightroom. Wannan gurbin manhajar darktable tana cike shi kuma kyauta ce halak malak, sai dai koyonta yana son haƙuri, sati biyun farko zaka ji kamar ka jefar da laftop ɗin. Ga kuma Digital Photo Professional ta Canon kanta, kyauta ce ga mai kamararsu kuma kalar da take bayarwa ita ce wadda kake gani a bayan kamara.

Ɗan_Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Mu nan sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655 da ɗoriya, bata motsi, don haka ciwon canjin kuɗi bai kai naku ba, amma duk da haka ni saye nayi. DxO PhotoLab nake aiki da ita, ta Faransa ce, sama da dala 200 na biya sau ɗaya kuma wajen wanke hoton duhu ban ga abin da zan yi kwaɗayi a wani wuri ba. Duk shekara suna fito da sabuwa, ni ban bi ba, tawa tana buɗe kamarata me zan nema. Capture One ma suna sayarwa sau ɗaya ko haya, wanda ka ga dama.

Hajiya Maman Biyu lissafinki daidai ne ga wanda ya kafu. Yaron nan wata ɗaya kenan da fita, bai san ko biki ashirin zai samu ko biyar ba. In biyar ne fa? Bana son mutum ya fara sana'a da bashin da yake ƙirga masa kwana tun kafin waya ta fara ƙara.

Maman_Biyu:

Gaskiyarka malam, ban yi wannan tunanin ba, ni na ɗauke shi kamar mai kwastomomi a hannu. Abu ɗaya dai zan ƙara, hannunsa ya riga ya saba da Lightroom shekara huɗu, kar ya je koyon sabuwa a kan hoton mutane ana jiransa. In zai koya ya koya da tsofaffin hotuna.

Auta_Hoto:

Kai na gode ƙwarai manyana, Allah ya saka da alheri, wlh maganar rabin kuɗin nan ban san da ita ba kuma saura kaɗan in danna jiya. Ga abin da na yanke, na sauke Affinity da ta Canon ɗin tun ɗazu, ina da suna ranar Asabar hoton ba zai wuce ɗari biyu ba zan gwada da su. Bikin da nake da shi ƙarshen wata kuma nayi magana da ogana yace in zo shago in yi editin da daddare kamar da. Zan riƙa rubuta duk aikin da ya shigo daga nan zuwa Disamba, in sun kai yadda Anti ta faɗa sai in biya na shekara a dunƙule, in basu kai ba in tara in sayi irin ta ɗan uwa na Maraɗi. Kuɗin da na ware kuma inaga RAM zan ƙara da shi. Baba ko akwai abin da ya fi RAM ɗin gaggawa?

Dattijon_Sutudiyo:

Akwai. Hard disk na waje na ajiye hotuna, guda biyu in da hali, ka juye kowane aiki a wuri biyu kafin ka goge kati. RAM ɗin ya jira wata mai zuwa.