Neman shawara: an koma sabon Outlook, tsofaffin saƙonni ba sa fitowa

Baban Khadija, Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masana kwamfuta a taimaka. Kwamfutar ofis ce mai Windows 11, da imel na kamfani wanda aka daɗe ana buɗewa da Outlook. Wani yaro ya danna maɓallin nan na sama ta dama, na gwada sabon Outlook, fuskar gaba ɗaya ta canja. Yanzu saƙonnin shekarun baya da foldodin kwastomomi ba sa fitowa, sai na 'yan kwanakin nan. Tura takarda ɗaya ga mutane da yawa daga Word ya tsaya. In sabis ya ɗauke kuma ba a iya duba tsohon saƙo. Sun tafi ke nan? Akwai hanyar komawa?

Injiniya, Pantami:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce sun tafi. Abin da ka faɗa alamar POP ce, wato ɗaya daga hanyoyin da manhajar imel ke ɗauko saƙo daga sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin a intanet. Imel ɗin da aka saita da POP, tsohon Outlook yana sauko da saƙo ne ya ajiye a cikin kwamfutar, a fayil guda mai ƙarewa da .pst, kuma a saitinsa na asali yana goge kwafin da ke kan sabar bayan kwana 14. Shi sabon daga sabar yake ɗebowa, abin da ya tarar a can shi yake nunawa. Kamar wanda ya buɗe sabon shago ne, kayansa na nan kulle a tsohon.

Kafin a taɓa komai, a fara kwafe wannan fayil. Rufe Outlook gaba ɗaya, domin in yana buɗe fayil ɗin na riƙe, ba zai kwafu ba. Shiga Documents, ka nemi folda mai suna Outlook Files. In babu shi a nan, rubuta *.pst a wurin bincike na This PC ka ba shi lokaci. Duk wanda ya fito ka kwafe shi zuwa filashi ko hadis (hard disk) na waje. Kwafewa na ce, ba yankewa ba. Kuma kada a ruɗe da mai ƙarewa da .ost, wannan kwafi ne na abin da ke kan sabar, ba ya buɗuwa a wata kwamfuta.

Malama Hauwa, Tunfure:
Bayan an yi abin da Injiniya ya ce, komawa ba wuya. Maɓallin da aka danna yana nan a sama ta dama, an rubuta New Outlook. Kashe shi, zai tambayi dalili, a tsallake, tsohon ya buɗe. In ba a ga maɓallin ba, a duba ƙarƙashin Help, akwai Go to classic Outlook. Ko a danna Start a rubuta Outlook: biyu za su fito, a zaɓi mai classic a jikinsa, a maƙala shi a ƙasan allo, a cire ɗayan daga wurin.

Abin da ban yarda a yi ba shi ne cire Office a sake sawa. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu mai gyara ne ya sa musu Office tun ranar saye, babu wanda ya san lambar lasisi. An cire, an shiga wani aikin.

Abba, Bolari:
Ni dai Baba gara a saba da sabon. Manhajar Mail ta Windows an daina tallafa mata tun 31 ga Disamba 2024, masu ita ba su da wajen komawa. Office 2016 da 2019 ma tallafinsu ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Rabin abin da ake ƙorafi a kai saiti ne kawai. A shiga Settings, Mail, Layout: a kashe Focused Inbox don saƙo ya daina rabuwa gida biyu, a zaɓi nuna kowane saƙo shi kaɗai maimakon a dunƙule su. A View kuma a mai da Density zuwa Compact, layuka su matsu yadda aka saba.

Injiniya, Pantami:
Abba, gyaran fuska ka kawo, matsalar Alhaji kuwa a ciki take. Sabon Outlook a zahiri shafin Outlook na intanet ne aka sa wa riga, shi ya sa abubuwan da ke buƙatar manhajar ta yi magana da sauran manhajojin kwamfuta suka faɗi. Word yana miƙa wa Outlook takardun ne ta wata hanya da ake kira MAPI, sabon ba shi da ita. Ƙananan manhajojin da ake jona wa tsohon, irin na COM, su ma ba sa aiki a kansa. Babu saitin da zai dawo da su. Wannan ne ya fi ɓata wa waɗanda suka daɗe a kansa rai, don akawu da sakatare a nan aikinsu yake, ba a launi ba.

Kuma babu gaggawa. Microsoft ta ce za ta ci gaba da tallafa wa tsohon aƙalla zuwa 2029, ga wanda Office ɗinsa ke cikin tallafi. Sabon ya fara buɗe fayil na .pst a 2025, amma sai in tsohon na nan a kwamfutar. Wani dalilin ke nan na kada a cire shi.

Malama Hauwa, Tunfure:
Batun ɗaukewar sabis, in dole sai an yi aiki da sabon: Settings, General, Offline. A kunna, a ƙara yawan kwanakin da zai riƙa ajiyewa, akwai 90 da 180. Ranar farko zai ci data, a yi shi inda ake da wadatarta. Duk da haka bai kai tsohon ba, wanda komai na cikin kwamfutar.

Akwai kuma abin da ake dannawa ba a karanta ba. In aka sa imel da ba na Microsoft ba, Gmail ko Yahoo ko na kamfani, sabon yana nuna sanarwa cewa za a daidaita saƙonnin ta rumbun Microsoft. Wato kwafinsu zai zauna a can. Ofishin da ke riƙe da takardun kwangila ko bayanan mutane, mai gida ya kamata ya yanke wannan, ba yaron da ke zaune gaban kwamfuta ba.

Malam Isa, Herwagana:
Thunderbird, wata manhajar imel ta daban, kyauta ne, babu talla, yana ajiye saƙo a kwamfuta, yana ɗaukar POP da IMAP, hanyar da ke barin saƙo a kan sabar. Yana iya janyo saƙonni daga Outlook, da sharaɗin tsohon na nan kuma shi ne aka saita a matsayin manhajar imel ta kwamfutar. Sai dai su ma sun sauya fuska a 2023 da fitowar sigar 115, masu shi sun yi nasu surutun. Kuma aikin nan na Word ba zai yi da shi kai tsaye ba. Ga mai Office mai lasisi ban ga dalilin ƙaura ba.

Baban Khadija, Jekadafari:
Allah ya saka da alheri. An ga fayil ɗin, ya haura gig 9. An koma tsohon, foldodi duk sun dawo. Sai dai filashi ya ƙi karɓa, yana cewa fayil ya yi girma, alhali gig 32 ne kuma babu komai a ciki.

Injiniya, Pantami:
Tsarin ajiyar filashin FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gig 4 komai faɗinsa. Danna shi ta dama a This PC, Format, zaɓi exFAT ko NTFS. Zai goge abin da ke ciki, ka tabbata da gaske babu komai. Ka yi kwafin da wuta a jiki ko batir cike, in ya yanke a tsakiya kwafin bai da amfani. Bayan nan ka gwada shi: File, Open & Export, Open Outlook Data File, ka ga ya buɗe, sannan ka rufe shi daga Outlook kafin ka zare filashin.

Shi maɓallin sabon Outlook ɗin kuma ana iya ɓoye shi. Mai gyaranku ya buɗe Registry Editor, ya bi HKEY_CURRENT_USER, Software, Microsoft, Office, 16.0, Outlook, Options, General, ya ƙirƙiri DWORD mai suna HideNewOutlookToggle ya ba shi 1. Alhaji kada ka shiga wurin da kanka. A rufe Outlook a sake buɗewa, maɓallin ya ɓace.