Shin jiƙon zogale da rawaya yana kare hantar mai feshi daga gubar maganin ƙwari?

Manomin Rani, Kura:

Assalamu alaikum. Ina noman tumatir da albasa a filayen ban-ruwa na Kadawa, kuma tun daga 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, feshin da muke yi ya ƙaru ƙwarai, domin babu manomin da yake so ya sake ganin gonarsa ta lalace a cikin 'yan kwanaki. Ƙanena ne yake goya injin feshi a gonarmu, yana kuma yi wa maƙwabta a biya shi. A 'yan watannin nan yakan dawo gida da ciwon kai da tashin zuciya da kasala, wani lokaci har abinci ya fita masa a rai. Wani dattijo mai sayar da magani a kasuwa ya ce dattin maganin ƙwarin ne ya taru masa a hanta, sai ya haɗa masa garin zogale da saiwar rawaya da gangamau, ya ce ya riƙa jiƙawa yana sha kafin ya fita feshi da kuma bayan ya dawo, ya bi da nono. Ina roƙon masana su fayyace mini ko akwai ganye ko saiwa da aka tabbatar yana kare hanta daga irin wannan guba, in kuma babu, ko wannan haɗin da yake sha zai iya yi masa illa.

Mai Harhaɗa Magunguna, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya. Amsar tambayarka ta farko ita ce babu wani ganye ko saiwa da aka gwada a jikin mutane aka tabbatar yana hana gubar maganin ƙwari cutar da hanta. Abin da ake da shi da yawa shi ne gwaje-gwaje a kan ɓeraye, har a nan Jami'ar Ahmadu Bello, inda akan ba dabbar wani ƙayyadadden adadi na guba, a ba ta ruwan ganye ko bitamin, sannan a auna jininta a duba hantarta. Sau da yawa akan ga ɓarnar ta ragu, kuma an sami irin wannan sakamako da zogale da gangamau da habbatus sauda da tafarnuwa. Sai dai ɓeran da aka auna masa guba da magani daidai da nauyinsa na 'yan makonni daban yake da mutumin da yake shaƙar magunguna iri-iri a gauraye, shekara da shekaru, yana shan jiƙon da babu wanda ya san ƙarfinsa. Ko silimarin, wanda ake cirowa daga 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya na yankin Bahar Rum, wanda kuma ya fi kowane maganin hanta na tsirrai shan bincike, bai nuna tabbataccen amfani wajen rage mutuwa ba da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ciwon hanta na giya da na ƙwayar cuta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne alamun da ka lissafa sun fi kama da taɓuwar jijiyoyi fiye da ciwon hanta. Da yawa daga magungunan ƙwarin da ake fesawa a gonakinmu 'yan gidan oganofosfet ne, kamar kulofirifos da dikulobos, wanda shi ne sinadarin da yake cikin Sniper. Aikinsu shi ne su toshe wani sinadari na jiki da yake kashe saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi, kuma da zarar ya toshe sai saƙon ya ci gaba da bugawa babu tsayawa. Idan abin kaɗan ne sai a ga ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Idan ya yi yawa sai yawu da gumi da hawaye su ɓalle, ƙwayar ido ta tsuke, a yi amai da gudawa, naman jiki ya riƙa rawa, majina ta cika ƙirji har numfashi ya gagara. Wanda irin wannan guba ta kashe, yawanci numfashi ne yake yanke masa tun hanta ba ta kai ga nuna wata alama ba. Akwai kuma wani al'amari da masu maganar wanke hanta ba sa la'akari da shi, wato ita hantar ce take juya kulofirifos zuwa wani nau'i da ya fi na asali dafi, saboda haka ba kowane abin da ya zaburar da aikin hanta ne yake zama alheri ga mai feshi ba.

Game da nono, ina roƙon a daina dogara da shi. Nono da madara da manja ba makarin guba ba ne, kuma ɗura wa wanda ya sha maganin ƙwari ɗayansu, ko sa shi amai da gangan, yana iya tura ruwan cikin huhunsa, musamman da yake yawancin waɗannan magunguna a cikin wani ruwa mai kama da kananzir ake narka su. Abin yi shi ne a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kwantar da shi a gefensa idan hankalinsa ya gushe, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin, domin a can ne ake da allurar atirofin, wadda ake yi wa wanda irin wannan guba ta kama.

'Yar Mai Magani, Maraɗi:

Ranka ya daɗe mai harhaɗa magunguna, na gamsu da yawancin bayaninka, amma ina ganin an ɗan rage wa maganin gargajiya matsayi. Mahaifina ya yi shekaru yana ba da saiwar rawaya ga masu shawara, kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa da Mali da Burkina Faso, kuma mutane ba za su riƙe abu tsawon zamani haka ba idan ba su taɓa ganin amfaninsa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ji da shi a duniya yau daga wani ɗan'uwan tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, har aka ba Tu Youyou lambar yabo ta Nobel a 2015 saboda shi. Ita kanta allurar atirofin da ka ambata daga tsiro aka samo ta, kuma zaƙami da yake fitowa a bayan gidajenmu yana ɗauke da ita. Rashin gwaji a jikin mutane yana nuna ba a kashe kuɗi an bincika ba ne, ba ya nufin an bincika an tarar babu komai.

Duk da haka akwai inda zan rabu da dattijon kasuwar nan. Ilimin da masu magani suka gada an gina shi ne a kan cututtukan da kakanni suka sani, irin su shawara da basir da sanyi da sarar maciji, alhali waɗannan magungunan feshi baƙi ne da suka shigo a zamanin nan. Wanda ya ce ya gaji makarinsu ya faɗi abin da ba zai yiwu ba, kuma mahaifina bai taɓa karɓar kuɗin kowa da sunan haka ba. Ni abin da zan ce wa ƙanen Malam shi ne ya ci zogale a kwaɗo da miya, ya sha zoɓo, ya ci abinci mai gina jiki, domin mai aikin ƙarfi a rana yana bukatar haka ko da feshi ko babu.

Malamin Gona, Garun Malam:

Malam, ni tambayar da zan yi maka ita ce yadda ƙanenka yake haɗa maganin da kuma lafiyar injin da yake goyawa, domin mafi yawan gubar da take shiga jikin mai feshi ta fata take bi, ba ta baki ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da ake tsiyaya tsantsar maganin daga kwalba zuwa tanki, kuma na sha ganin matasa suna yin haka da hannu tsirara, wasu har su motsa ruwan da hannun. Sai injin da murfinsa ko tiyonsa yake yoyo, ya jiƙa riga a gadon baya tun safe har azahar, ga gumi ga zafin rana da yake sa fata ta ƙara tsotsa. Wani kuma idan bakin injin ya toshe sai ya sa baki ya busa, ko ya tsaya ya ci goro bai wanke hannu ba. Mutumin da yake cikin wannan hali yana shan jiƙo kamar mai kwarfe ruwa daga ɗaki ne bai toshe inda rufin yake zuba ba, kuma tsorona shi ne jiƙon ya sa ya ji ya sami kariya har ya ƙara sakaci.

Ya nemi safar hannu ta roba mai kauri, ban da ta yadi wadda take riƙe maganin, da takalmin roba da riga mai dogon hannu da tabarau da takunkumi. Ya yi feshi da sassafe ko da yamma, iska tana bayansa, ya yi wanka da sabulu da zarar ya gama, a kuma wanke kayan feshin daban da na iyali. Ku riƙa duba layin launi da yake ƙasan takardar kwalba, inda ja yake nuna mafi tsananin haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A guji maganin da aka ɗura a kwalbar da babu takarda, irin su ota-fiya-fiya, domin ko likita ba zai san da me yake faɗa ba. Maganin ciyawa mai farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone, shi ne wanda yake lalata huhu da ƙoda da hanta gaba ɗaya, kuma ba shi da makari ko a asibiti.

Iyalan gida ma suna da nasu rabon ta hanyar abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dikulobos da aka samu a cikinsa, kuma irin waken nan ne muke ci a gida. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kantuna da kasuwanni. Buhun PICS mai ciki uku yana kashe ƙwarin wake da rashin iska ba tare da an zuba komai ba, idan an ɗaure kowane ciki da kyau.

Mai Harhaɗa Magunguna, Zariya:

Hajiya, na yarda cewa rashin bincike ba hukunci ba ne a kan rawaya, kuma da za a yi mata gwaji na gaskiya da na fi kowa murna. Amma tunda an ambaci zaƙami, wajibi ne in ja kunne kada wani ya karanta ya ɗauka zai iya maye gurbin allura da shi. A asibiti ana ba da atirofin kaɗan-kaɗan ne ana sauraron ƙirji da bugun zuciya, alhali ƙarfin zaƙami yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, kuma shi kansa yana haukatarwa yana kisa.

Sai tambayar Malam ta biyu, ko haɗin zai iya cutarwa. Ganyen zogale a matsayin abinci ba shi da matsala, haka ma gangamau gwargwadon abin da ake sawa a girki. Amma an sami mutane a Italiya da Amurka da hantarsu ta kumbura saboda shan ƙwayoyin gangamau masu ƙarfi, musamman waɗanda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya ƙara tsotsa, saboda haka shan garinsa da yawa kullum ba abin da zan ba da shawara ba ne. Garin da aka saya a buɗe a kasuwa kuma babu tabbacin abin da aka gauraya a ciki. Ƙanenka ya dakatar da haɗin, ya kuma huta da feshi har sai likita ya gan shi.

Idan kun je asibiti ku tafi da kwalaben duk magungunan da yake fesawa da kuma ragowar garin. Ku nemi a yi masa gwajin aikin hanta, wanda ake auna sinadaran ALT da AST na hanta a cikin jini, da na ƙoda, da kuma gwajin ciwon hanta nau'in B, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, yawancinsu ba su sani ba. Ga mai ɗauke da ita, gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ƙara haɗarin sankarar hanta ninki da yawa saboda gubar afulatoksin da funfunar take fitarwa. Idan gwajin ya nuna ba shi da ita, a yi masa allurar rigakafi, wadda ake yi sau uku a cikin wata shida. Idan kuwa ka ga idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko yawu da gumi suna zuba masa bayan feshi, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi a wannan lokacin.