Rezilatar ko na'urar tare tsawa, wanne zan fara saya?

Baban Hadiza, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Daminar bara talabijin ɗina ta ƙone daren wani hadari. Yanzu na haɗa sabuwa da dekoda da amfuli mai lasifika biyar, wat 400 gaba ɗaya. Da magariba wutar unguwarmu sanyi take, har fanka na jan ƙafa. Wanne ya fi dacewa?

Mai gyara, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Aikinsu daban. Rezilatar ke ɗago wuta in ta faɗi ta maido ta kusa da volt 220. Ɗauki mai 1000 VA (ma'aunin nauyin kayan da take iya ɗauka), kada ka haɗa ta da firij. Nemi mai jinkiri, wanda ke dakatawa kaɗan in wuta ta dawo. Na'urar tare tsawa kuma bugun wuta na farat ɗaya take sha. Duba lambar jul (ma'aunin bugun da za ta iya sha) a jikinta, mai yawa ta fi, kuma tana tsufa. In gidanka babu wayar ƙasa, wadda ke sauke wuta cikin ƙasa, kariyarta ragaggiya ce.

Maman Sani:
Mu ta wayar parabol tsawar ta shigo mana. In hadari ya haɗo, cire komai nake, har ita.

Baban Hadiza:
Na gode. Malam, gobe zan leƙo ka duba mini wayar ƙasar.